Ta yaya ake gane ƙashin da ya zama dutse na tsuntsu ne, ba na ƙaramin dainaso ba?

Malamin Aji

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana kasusuwa da duwatsu da ke wannan zaure. Littattafan bayoloji kusan hoto ɗaya suke sakawa idan an zo batun tsuntsayen zamanin dainaso: Archaeopteryx kwance a kan allon dutse, fikafikai a buɗe, wuya ya lanƙwashe baya. A ƙasa sai a rubuta cewa shi ne tsuntsu na farko, shi ke nan. To amma abin nan yana da haƙora, yana da doguwar wutsiya mai ƙashi, ga farata a fiffike. Ɗalibi mai kaifin kai zai tambaya, me ya hana a ce masa ƙadangare mai gashi? Ina so in san ainihin ƙashin da masana ke dubawa kafin su yanke hukunci. Sannan akwai maganar da ke yawo cewa jabu ne, wai manna masa gashin aka yi. Mece ce gaskiyarta? In kuma akwai abin da za a iya nuna wa yara su taɓa da hannu a makarantar da ba ta kusa da gidan tarihi, a taimaka. Allah ya saka da alheri.

Likitar Dabbobi

Wa alaikumus salam, Malam. Fara cire gashi daga lissafi, don shi ke ruɗa mutane. Tun 1996 da aka bayyana Sinosauropteryx daga lardin Liaoning na ƙasar Sin aka san dainaso ma suna da gashi. Yutyrannus da aka sanar a 2012 ya kai mita 9, ga gashi a jikinsa, ba kuwa mai ce masa tsuntsu. Haka ƙashin nan mai gwafa da ke gaban ƙirjin kaza: an same shi a jikin Tyrannosaurus, an same shi a jikin Suchomimus da aka haƙo a Gadoufaoua cikin Tenere ta Nijar, dabba mai tsawon kusan mita 11. Babu ƙashi guda da za ka ɗaga ka ce ga tsuntsu. Kafaɗa, hannu, wutsiya da ƙafa ake dubawa tare, kuma kaza ta ishe ka nuna su duka.

Nemi tsohon zakaran gida ko tsohuwar kazar da ta gama ƙwai. Kada ka sayi kazar gidan gona ta nama. Ana yanka ta tana da mako shida zuwa takwas, ƙarshen ƙashin ƙirjinta guringuntsi ne, kasusuwan da kake so ka nuna a haɗe ba su gama haɗewa ba, da ka dafa sai su wargaje. In da tattabara ka haɗa da ita, kafaɗarta ta fi fitowa fili. A fige, a cire kayan ciki, amma kada a sara.

Kafin tukunya akwai abin da sai da ɗanyen nama ake ganinsa. Buɗe fatar ƙirji ka ɗaga babbar tsokar. Ita ke jan fiffike ƙasa, a tattabara takan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jiki. Ƙarƙashinta akwai wata siririyar tsoka mai saɓulewa da kanta. Bi farar jijiyar da ke bakinta zuwa kafaɗa. Za ka ga ta shige wani ɗan rami da kasusuwa uku suka kewaye, wato allon kafaɗa, ƙashi mai gwafa, da wani kakkauran ƙashi da ya tokare tsakanin kafaɗa da ƙirji wanda ake kira korakoyid. Daga nan ta ɓullo ta sama ta kama ƙashin damtse. Ja tsokar ƙasa, fiffike zai tashi sama. Aikin igiyar guga ne a kan ƙarfen rijiya: kana ja ƙasa, guga na hawa. Archaeopteryx ba shi da wannan ramin, korakoyid ɗinsa gajere ne mai faɗi, gurbin kafaɗarsa kuma gefe yake kallo, don haka da wuya ya iya ɗaga fiffike ya wuce gadon bayansa sosai.

Dafawa: wuta kaɗan, ruwa na motsi dai, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Tafasa mai ƙarfi tana cusa kitse cikin ƙashi, bayan makonni ya yi rawaya ya fara ƙarni. Kai, ƙafafu da kan fikafikai, kowanne a ƙulle shi a ƙyallensa daban, in ba haka ba ƙananan kasusuwan yatsu za su cakuɗe, ba ka ƙara sanin na ina ne. Goge nama da tsohon buroshin haƙori. Jiƙa a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke kwana uku zuwa biyar, kullum a canza ruwa, sannan kwana ɗaya cikin haidurojin ta kantin magani mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari. Ban da bilic, yana cin ƙashi, bayan watanni ya riƙa zuba gari. A shanya a inuwa.

Sai ka ajiye su kusa da hoton samfurin Berlin, wato allon Archaeopteryx da ke ajiye a birnin Berlin, wanda ke cikin littafinku.

Ƙirjin kaza faffaɗan ƙashi ne mai tudu mai kaifi a tsakiya, nan tsokar tashi ke kamawa. Ba a tabbatar da ƙosasshen ƙashin ƙirji a jikin Archaeopteryx ba. Wanda aka taɓa zaton shi ne a samfurin Munich, da aka sake dubawa ashe korakoyid ne. Abin da yake da shi siraran haƙarƙarin ciki ne, irin waɗanda kada ke da su har gobe.

A fiffiken kaza, kasusuwan wuyan hannu da na tafi sun narke sun zama ƙashi ɗaya mai taga a tsakiya, yatsu uku sun rage guntaye. Archaeopteryx kuwa nasa ukun a rarrabe suke, kowanne da farcensa. Farce shi kaɗai dai ba hujja ba ne, jimina na da shi a fiffike, 'ya'yan wani tsuntsun Kudancin Amurka mai suna hoatzin ma da shi suke hawa rassa. Narkewar kasusuwan ce abin lura.

Wutsiya ta fi komai saurin shiga kan yara. Kaza tana da gaɓoɓi biyar ko shida, sai wani ɗan dunƙulallen ƙashi a ƙarshe inda gashin jela ke buɗewa. Archaeopteryx yana da gaɓoɓi sama da 20 a miƙe, gashi jere hagu da dama.

Doguwar sandar ƙafar kaza mai ɓawo ba ƙwauri ba ce, kasusuwan tafin ƙafa uku ne suka manne. Dubi ƙasanta za ka ga kawuna uku. A jikin Archaeopteryx ukun a fili suke. Yatsan bayan kaza ya juya baya sosai don kama reshe, nasa kuwa samfurin Thermopolis da aka bayyana a 2005 ya nuna gefe ya fi kallo.

To me ya rage masa na tsuntsu? Dogon hannu da ya kamo tsawon ƙafa, gashin fiffike mai gefe ɗaya siriri ɗaya faffaɗa irin na masu tashi, da ƙwaƙwalwa da cikin kunne da hoton sikanin na 2004 ya nuna sun yi kusa da na tsuntsu. Kaɗan ne, kuma wasu dainaso suna da wasu daga ciki. A 2011 ma Xu Xing da abokan aikinsa, bayan sun bayyana wani ƙaramin dainaso mai gashi, Xiaotingia, lissafinsu ya fitar da Archaeopteryx daga cikin tsuntsaye, wasu suka sake lissafi da wata hanya ya dawo. A ganina ɗalibinka ya fi littafin gaskiya, sai dai ya canza ƙadangare zuwa dainaso.

Mai Duwatsu

Dakta ta gama da ƙashi, bari in ɗauki batun jabu, Malam, domin magana biyu ake cakuɗawa.

Ta farko zargi ne da bai tsaya ba. A 1985 Fred Hoyle, masanin taurari, da wasu abokansa suka ce an shafa wani abu mai kama da siminti a kan samfurin Landan aka danna gashin tsuntsun yau. Alan Charig da abokan aikinsa na gidan tarihin Landan suka ba da amsa a 1986, amma sai ka san dutsen za ka gane amsar. Yankin Solnhofen da ke Bavariya a kudancin Jamus, inda ake haƙo Archaeopteryx, shekara miliyan 150 da suka wuce, tafkunan ruwan teku ne a killace. Gishiri ya yi yawa, ƙasan ruwan babu iskar shaƙa, don haka babu tsutsa ko ƙaguwa da za ta yagi gawa. Lallausar laka ta rufe duk abin da ya nutse, ta zama dutsen farar ƙasa mai laushin da tun ƙarshen ƙarni na 18 ake buga hotuna da taswira da shi. Da kurfi da guduma ake tsaga shi fale-fale, in akwai gawa a ciki sai ta rabu biyu, allo da murfinsa. Charig ya nuna siraran tsagu da ma'adini ya cike sun ratsa ta wurin gashin, sun yi daidai a allon da murfin. Ya nuna baƙaƙen zane masu rassa da manganis ke yi a hankali cikin dutse sun bi ta kan gashin, su ma sun dace a ɓangarorin biyu. Mai shafa siminti ba ya iya wannan.

Ba kuma samfuri ɗaya ba ne. An fara da gashi ƙwaya ɗaya da Hermann von Meyer ya bayyana a 1861. Na Landan an saye shi a 1862 tare da wasu duwatsun a kan fam 700, na Berlin kuɗin Werner von Siemens ne, mak 20,000 na kuɗin Jamus, ya hana shi barin Jamus. Yanzu ana lissafa 14. Kuskuren da aka yi ta yi ma akasin zargin ne: na Eichstätt da aka haƙo a 1951 ya yi shekara kusan ashirin da sunan ƙaramin dainaso Compsognathus, saboda gashinsa bai fito sosai ba. Na Haarlem da aka haƙo a 1855 ya daɗe ajiye da sunan wata dabba mai fiffiken fata, sai a 1970 John Ostrom ya ga alamar gashi a jiki ya ce Archaeopteryx ne, a 2017 kuma aka sake cire shi aka ba shi sunan kansa, Ostromia. Idan ƙwararru na iya ajiye tsuntsu a layin dainaso shekaru da dama don kawai gashin ya dushe, ka ga girman kamar.

Ta biyun jabu ne na gaske, amma wani ne daban, Archaeoraptor. An fitar da shi daga Sin ba bisa ƙa'ida ba, aka saye shi a Amurka dala 80,000, mujallar National Geographic ta yi shelarsa a Nuwamban 1999 kafin wata mujallar kimiyya ta tantance shi. Xu Xing ne ya gano murfin wutsiyar a Sin manne da jikin wata dabba daban. Timothy Rowe na Jami'ar Texas ya saka allon a na'urar sikanin, ya ƙirga gutsattsari 88. Gaban na tsuntsu ne mai haƙora, Yanornis. Wutsiyar ta ƙaramin dainaso Microraptor ce. Ƙafafun biyu kuwa ƙafa ɗaya ce, allo da murfi aka jera hagu da dama. Dalili ba ɓoyayye ba ne: manomi ke haƙowa, dillali ke saye, cikakken tsuntsu ya ninka rabi kuɗi.

Daga nan aka tsananta bincike. Ana juya allon a dubi bayansa, a ga ko kaurin gutsattsarin da launin shimfiɗarsu ɗaya ne. Ana bin kowace tsaga a ga ko ta tsaya cak a bakin wani guntu. Ana gwada ƙafar hagu da ta dama, in sun yi kama fiye da kima har da inda suka karye, akwai magana. Ana haska fitilar nan mai shuɗin haske irin ta duba kuɗin jabu a ɗaki mai duhu: ƙashi na haskawa da launinsa, gam da fenti da cikon gari kowanne da nasa. Sannan a nemi murfin.

Wajen fito da ƙashin ma ana ɓarna. Aikin allura ne ƙarƙashin maikuroskof, ƙwaya-ƙwaya. Ana ƙarfafa ƙashi da wani gam mai suna Paraloid B-72 narke a asiton, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, saboda in an yi kuskure asiton na sake narkar da shi. Asid mai rauni irin na binega, kashi 5 ko ƙasa, yana cinye farar ƙasa ya bar ƙashi, to amma a Solnhofen yawancin gashin sawu ne kawai a jikin dutsen, asid ya taɓa shi ya tafi ke nan. Ko allurar ma ta yi ta'adi: an kankare wani ɓangare na gashin ƙafafun samfurin Berlin a ƙarni na 19 don a fito da ƙashi. Samfurin Chicago da aka bayyana a 2025 ya ci awa sama da 1,300, ana yi ana haska fitilar don kada a kankare abin da ido bai gani ba. Shi ya sa aka ga gashin da ke cike giɓin tsakanin gwiwar hannu da jiki, wanda in babu shi iska za ta zurare ta nan.

Shekaru kuma ba da kabon-14 ake auna su ba, wannan iyakarsa wajen shekara 50,000. A Liaoning tokar aman wuta ce ke tsakanin shimfiɗun, ana auna iskar agon da ta taru cikin ƙwayoyin ma'adininta. Da farko an ce duwatsun sa'annin Solnhofen ne, awon 1999 ya ba da shekara miliyan 124.6, ƙanne ne da tazarar kusan miliyan 25.

Malamin Aji

Dakta, Yallaɓai, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura biyu. In ce wa yara kaza daga Archaeopteryx ta fito kai tsaye? Kuma tunda an ambaci Gadoufaoua, me ya sa ba a jin labarin irin waɗannan tsuntsaye daga wajenmu, alhali ga manyan dainaso?

Ɗan Jami'a

Malam, kada ka ce kai tsaye. Reshe ne na kusa da gindi, ba a san ya bar zuriya ba. Abin da ya biyo bayansa ma bai tafi a layi ɗaya ba, sassan jikin tsuntsu ɗaiɗai suka riƙa zuwa, wani wuri gaba wani wuri baya.

Dubi na Liaoning da kewaye, tsakanin shekara miliyan 131 zuwa 120. Jeholornis da aka bayyana a 2002 kafaɗarsa ta fi ta Archaeopteryx ƙarfi, amma wutsiyarsa ta fi tsawo, gaɓoɓi kusan 27, an kuma same shi da ƙwayoyin 'ya'yan itace a ciki. Confuciusornis na 1995, mai girman tattabara zuwa hankaka, ya riga ya yar da haƙora ya yi baki, ya dunƙule wutsiya, amma yatsunsa uku na nan da manyan farata. An samu ɗaruruwansa. Wasu na da dogayen gashin jela guda biyu, wasu babu, a 2013 kuma aka ba da rahoton ƙashin nan na musamman da mace ke tarawa lokacin ƙwai a cikin wani marar dogon gashi, abin da ke nuna masu adon maza ne. Bakinsa bai da alaƙa da bakin kaza, an yar da haƙora sau da dama a rassa daban-daban.

Waɗanda suka cika duniya a lokacin su ne Enantiornithes. Cyril Walker ya raɗa musu suna a 1981 daga kasusuwan El Brete a Ajantina. In ka gan su a kan reshe za ka ce tsuntsayen yau ne, sai sun buɗe baki ka ga haƙora. Ga abin da za ka ƙara a kan ƙashin kazarka: inda allon kafaɗa ya haɗu da korakoyid, a tsuntsayen yau korakoyid ke da gurbi, allon ke da ƙululu. Su nasu a juye yake. Sandar ƙafarsu daga sama ta fara mannewa, ta kaza daga ƙasa. Eoalulavis na Las Hoyas a Sifaniya yana da ɗan tuntun gashin nan na babban yatsa da ke hana tsuntsu faɗuwa idan ya rage gudu zai sauka, kenan tashinsu ya ƙware tun wajen shekara miliyan 125. A ƙaron itacen da ya daskare a arewacin Myanmar, mai shekara miliyan 99, an samu ɗan tsakonsu da gashin fiffike a cike. Suna ƙyanƙyashewa a shirye, amma girma a hankali: yanka ƙashinsu na nuna zobban tsayawar girma shekara-shekara, alhali yawancin tsuntsayen yau cikin shekara guda suke gama girma. (Ƙaron nan ma yana ruɗi. Oculudentavis da aka sanar a 2020 a matsayin tsuntsu mafi ƙanƙanta na zamanin dainaso, ashe ƙadangare ne, aka janye takardar.)

Reshen da kaza ke kai shi ne ɗayan. Tsohon cikinsu da aka sani Archaeornithura ne, shekara miliyan 130.7, da yawansu kuma na bakin ruwa ne, kamar Gansus mai tafin ƙafa irin na agwagwa. Ichthyornis da Hesperornis, waɗanda O. C. Marsh ya bayyana a 1872 daga dutsen allin Kansas, suna gab da tsuntsayen yau amma da haƙora a muƙamuƙi, baki a ɗan tsinin gaba. Hesperornis ya wuce mita ɗaya da rabi, fikafikansa sun shanye, da ƙafa yake nutso. Sai dab da ƙarshe aka samu na gidan tsuntsayen yau sosai: Vegavis daga Antatika, dangin agwagwa, da Asteriornis daga Beljiyam, shekara miliyan 66.7, wanda ƙoƙon kansa ya haɗa kamannin kaza da na agwagwa.

Shekara miliyan 66 da suka wuce dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo a Chicxulub ta Meziko. Duk masu haƙora suka ƙare, Enantiornithes ko ɗaya bai tsira ba. Dalilin tsirar sauran har yanzu hasashe ne. Akwai masu cewa dazuzzuka sun ƙone, mazauna bishiya suka rasa gida, masu yawo a ƙasa suka rayu. Akwai masu cewa baki mai fasa ƙwaya ya samu abinci a ƙasa lokacin da ganye da ƙwari suka yi wuya. Akwai batun saurin girma. Ni na fi karkata ga cewa sun haɗu ne, don kowanne shi kaɗai yana da tsuntsun da ya karya shi.

Gyara ɗaya ga Dakta, da girmamawa: maganar kafaɗa kada ta sa yara su ɗauka Archaeopteryx ba ya tashi.

Likitar Dabbobi

Haka ne, ɗan'uwa, ba na ce ba ya tashi ba. Binciken 2018 da aka yi da na'urar haske ta Grenoble a Faransa ya leƙa cikin kasusuwan fiffikensa ba tare da an yanka ba, kaurin bangonsu ya fi kama da na tsuntsayen da ke fisgar tashi su sauka nan kusa. Malam ya ba yara misalin makwarwa ko zabo idan an kora. Bugun fiffiken ne ba irin na yau ba, ya fi yiwuwa gaba da sama yake kai shi, ya jawo baya da ƙasa, maimakon sama da ƙasa. In sun tambayi launi, gashin nan ƙwaya ɗaya na 1861 an duba shi a 2012, ƙwayoyin launinsa dogaye ne irin na baƙi. Zagayayyu su ke ba da ja-ja. Amma kada a zana shi baƙi ƙirin saboda gashi ɗaya, kuma launin rawaya da ja da tsuntsu ke samu daga abinci ba ya barin irin wannan sawun.

Mai Duwatsu

Batun wajenmu, Malam, laifin dutsen ne. Gadoufaoua yashin manyan koguna ne na wajen shekara miliyan 110 zuwa 115. Kogi na mirgina ƙashi, yana ajiye na manyan dabbobi kamar Ouranosaurus da Sarcosuchus, irin waɗanda ake gani a Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai, yana niƙe na tsuntsu, wanda cikinsa rami ne, bangonsa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Tsuntsu na bukatar ruwa a tsaye, ƙasa marar iska, da lallausar laka ko toka. Mafi kyawun abin da aka samu a ɓangaren Afirka daga Madagaska ne: Vorona a 1996, Rahonavis a 1998 (shi ma ana gardamar tsuntsu ne ko dainaso), da Falcatakely mai dogon baki mai zurfi a 2020. A wuri irin namu tankaɗe ake yi: a jiƙa buhunan ƙasa, a wanke ta rariya mai ramin milimita 2, sannan mai rabin milimita, a shanya, a tsince ƙarƙashin maikuroskof. Duwatsun Dukamaje na Sakkwato kuwa lakar teku ce ta ƙarshen zamanin, inda aka samu dabbar ruwan nan Goronyosaurus mai sunan Goronyo, kuma lakar teku ce ta adana Ichthyornis a Kansas.

In yaro ya kawo guntun ƙashi mai rami daga irin waɗannan wurare, kada a yi saurin cewa tsuntsu ne. Dabbobi masu fiffiken fata da yatsa na huɗu ke ɗauke da shi, waɗanda ba tsuntsaye ba ne ba kuma dainaso ba, nasu ma haka yake. Richard Owen da kansa ya taɓa ɗaukar nasu na Ingila a matsayin na wani babban tsuntsun teku. Kawunan ƙashin ake karantawa, tsakiyarsa ba ta faɗin komai. Kada a wanke shi da ruwa, laka na kumbura ta fasa shi. Kada a ɗiga masa sufa-gulu. A ɗauki hotonsa da rula a gefe, a ɗauki hoton wurin da shimfiɗar da ya fito, a ajiye lambobin wurin daga waya, a naɗe shi da takarda mai laushi cikin gwangwani, sauran da ke cikin ƙasa a bar su inda suke, a kai rahoto sashen ilimin ƙasa na jami'a mafi kusa.